Daga Tabarmar Kaba Zuwa Kafet: Tarihin Shimfiɗar Zama a Borno Bisa Misalin Tsohuwar Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Magidancin da ya gina falo a unguwar Tsohuwar Maiduguri a yau, ya shiga Kasuwar Litinin da niyyar sayen darduma saƙar hannu, zai tarar da kaya jibge har rufin rumfa. Mai rumfa zai warware masa wannan ya ce ta Turkiyya ce, ya warware waccan ya ce daga Makka aka zo da ita, ya kuma nuna masa geza da laushin gashi a matsayin shaida. Mafi yawan abin da za a nuna masa kuwa inji ne ya saƙa shi, da zaren roba. Saƙar hannu ta haƙiƙa tana can wani lungu, a naɗe, ta kaba ce, kuma da wuya mai falon ya waiwaye ta, domin a ganinsa tabarma kayan tsakar gida ce.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka iso wannan hali. Abin da take son tabbatarwa shi ne, dardumar ulu ba ta taɓa zama 'yar gida a Borno ba. Baƙuwa ce tun fil azal, kuma baƙuntar tata ce ta ba ta daraja a fada. Saƙar hannun da ƙasar ta mallaka ita ce tabarma, tare da abokiyar zamanta, fatar rago. Wannan bambanci ya bar sawunsa a cikin kalmomin Hausa da na Barebari, shi ya sa batun ya shafi manazarta harshe kamar yadda ya shafi masana tarihi.

2.0 Garin da Ya Riga Birnin

Ya kamata a fara rarrabe sunaye. Tsohuwar Maiduguri, wadda Barebari ke kira Maiduwuri, ta girmi birnin da ya ari sunanta. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Uje a 1851, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ambaci Maiduguri cikin garuruwan wannan yanki mai albarkar noma. Birnin da aka sani yanzu kuwa a 1907 aka kafa shi, sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya sauka a Yerwa, kusa da sansanin Turawan Ingila na Mafoni. Sannu a hankali sabon gari ya haɗiye tsohon, har ta kai Tsohuwar Maiduguri ta zama mazaɓa guda a cikin Ƙaramar Hukumar Jere.

Ke nan a wuri ɗaya an sami al'adun zama iri biyu: na ƙauyen manoma da 'yan kasuwa da ke bakin kogin Ngadda, da kuma na fada wanda aka ɗauko daga Kukawa. Don a fahimci na biyun, sai an koma Kukawar.

3.0 Kukawa: Abin da Kasuwa ke Sayarwa da Abin da Shehu ke Zama a Kai

Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ne ya kafa Kukawa a 1814, bayan faɗuwar Birnin Ngazargamu a 1808. Babbar kasuwar garin ranar Litinin take ci, a bayan ƙofar yamma, kuma Barth, wanda ya isa garin a watan Afrilu na 1851, ya bayyana ta dalla-dalla. Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, bai tsaya ga cewa ana sayar da tabarmi ba. Ya kawo iri uku da sunayensu kamar yadda kunnensa ya ji: lagara, wadda ta fi kauri, siggedi, wadda ake yi da ciyawa mai kaushi, kwatankwacin zana a Hausa, sai bushi, wadda ake saƙawa da ganyen goriba don kwanciya. Wannan ta ƙarshe ita ce Bahaushe zai kira tabarmar kaba.

Rarrabewar tana da muhimmanci. Al'ummar da ta ware suna ga tabarmar shinge, ta ware wani ga ta kwanciya, al'umma ce da tabarma ta ratsa rayuwarta tun daga ginin gida har zuwa makwanci. Haka abin yake a Hausa, inda ake da zana, da asabari, da karauni, da tabarma, kowace da kayan saƙarta da muhallinta. Yadda ake saƙar ma iri ɗaya ne a ƙasashen biyu. Akan yanko kaba tun tana ɗanya, a shanya, a tsaga ta sili-sili, a rina wadda za a rina, galibi da karan dafi idan ja ake so, sa'an nan a kitsa dogon layi mai faɗin 'yan yatsu, daga baya a haɗa layukan gefe da gefe har a sami faɗin da ake bukata. Babu masaƙa, babu ƙoshiya. Yatsu ne kawai da haƙuri.

A fada kuwa labarin dabam ne. Dixon Denham, wanda ya isa Kukawa tare da Clapperton da Oudney a watan Fabrairu na 1823, ya ba da labarin ganawarsu ta farko da al-Kanemi. Ya ce sun same shi a wani ƙaramin ɗaki mai duhu, zaune a kan darduma, sanye da shuɗiyar riga marar ado da rawani. Bayan 'yan makonni aka kai Denham gaban Mai Ibrahim, sarkin gidan Saifawa, sai ya tarar da shi a cikin wani abu mai kama da keji na itace, a kan mazauni mai rufin ƙyalle mai sheƙi, fadawa na zaune a ƙasa daga nesa sun ba shi baya. A wannan lokaci sunan sarauta na wurin Mai, amma iko na wurin mai dardumar. A 1846 gidan Saifawa ya ƙare, zuriyar al-Kanemi ta gaji ƙasar. Mai karanta labarin Denham zai ga cewa dardumar Shehu tana faɗin abu biyu a lokaci guda. Zama ne na malami, kusa da ƙasa, inda baƙo zai iya matsowa. Amma kuma shimfiɗar kanta kaya ce mai tsada wadda raƙumi ya ɗauko daga ƙetaren hamada.

Hanyar da ta biyo sananniya ce: daga Tarabulus zuwa Murzuk a ƙasar Fezzan, daga nan zuwa Kawar da Bilma, sai bakin tafkin Cadi. Tsohuwar hanya ce. Ta kanta ne Mai Idris Alauma ya yi musayar wasiƙu da Sarkin Musulmin Usmaniyya, Murad na Uku, a 1577. Garin Misrata, gabas da Tarabulus, ya daɗe da shahara wajen saƙar dardumai, kuma kasuwannin gaɓar tekun suna karɓar na Turkiyya. Darduma kaya ce mai nauyi, tafiyar kuwa ta watanni ce. Abin da ya ci wurin kaya masu yawa a bayan raƙumi dole ya iso da tsada, saboda haka ba ya wuce fada da gidajen manyan attajirai.

Akwai wani ɗan labari da ke ƙara haska wannan. A 1870 Gustav Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar kyaututtuka daga Wilhelm na Ɗaya, Sarkin Furushiya ta ƙasar Jamus, cikinsu har da kujerar sarauta mai ruwan zinari da jan karan-miski. A tunanin masu aikowa, sarki sai da kujera. Sun aika da ita ne zuwa ƙasar da ake gane mai mulki ta wajen abin da aka shimfiɗa masa.

3.1 Dalilin Rashin Saƙar Dardumar Ulu

Mai tambaya zai ce, ƙasar da ta yi fice a saƙa da rini, me ya hana ta saƙa dardumarta? Amsar tana jikin tumaki da kuma jikin masaƙa.

Tumakin wannan yanki, wato balami na Borno, da uda, da 'yan ƙasa, duk masu gajeren gashi ne wanda ba ya kaɗuwa ya zama zare. Ba su da ulu. A Afirka ta Yamma, wurin da aka shahara da tumaki masu ulu shi ne Masina a ƙasar Mali, kuma can ɗin ne masaƙan Fulani da ake kira Maabuuɓe suke saƙa bargon ulu mai suna kaasa. Inda aka sami ulun an saƙa shi, inda babu kuwa sai auduga. Masaƙar maza ta Borno da ƙasar Hausa siririya ce, tana fitar da ƙwarya mai ɗan faɗi wadda sai an ɗinka da yawa kafin a sami riga ko zane. A Borno irin waɗannan ƙwaryoyi, da ake kira gabaga, har kuɗi suka zama a kasuwa. Abin da ya fi kauri cikin saƙar auduga shi ne irin su luru da gwado, su kuwa mayafai ne. Auduga ba ta jure taku da ƙura kamar ulu. Saboda haka aka raba aiki: auduga ta rufe jiki, kaba ta rufe ƙasa.

4.0 Buzu da Hukuncin Malamai

Tsakanin tabarmar talaka da dardumar sarki akwai shimfiɗa ta uku, wato buzu. Fatar rago ce da aka jeme ba a cire gashin ba. A tsangayun Borno, kamar na ƙasar Hausa, alaramma a kan buzu yake zama, almajirai kuwa a kan tabarma ko a kan rairayi. Hausa tana da wata kalmar ga irin wannan fata, agalemi, wadda ta yi daidai da kalmar Azbinawa mai nufin fata, abin da ke nuna ta inda ta shigo. Tunkiyar da ta hana ƙasar ulu ita ce ta ba ta buzu.

Fifikon da malamai suka ba shimfiɗa marar ƙawa yana da tushe a littattafan da ake karantawa a zaure. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla a kan 'yar tabarmar ganyen dabino, kuma ya kwanta a kan tabarma har ta yi masa shaida a jiki. Muhtasar na Halil, wanda shi ne madogarar mazhabar Malikiyya a wannan yanki, ya karhanta yin sujada a kan tufa, bai karhanta ta a kan tabarma ba, ko da yake masu sharhi sun sassauta game da shimfiɗar da aka tanadar wa masallaci. Ke nan tabarmar kaba, duk da arharta, tana da wata martaba a wurin malami wadda dardumar Misrata ba ta da ita. Wanda ya ɗauka cewa jerin darajar shimfiɗu layi ɗaya ne miƙaƙƙe, daga tabarma a ƙasa zuwa darduma a sama, ya manta da wannan.

Harshe ma ya adana tsarin. Kalmar kilishi, ban da naman da aka sani, tana nufin shimfiɗar alfarma ta sarki, kuma a fadar Kano akwai sarautar Kilishi cikin sarautun bayin sarki, mai kula da wannan shimfiɗa. Tun 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa, da sarautu irin su Galadima da Ciroma, daga Barebari Hausawa suka karɓe su. Fada da makaranta da kasuwa su ne ƙofofin da tasirin Borno ya bi ya shiga ƙasar Hausa, su ne kuma wuraren da shimfiɗa ke bayyana matsayin mutum. Amma karin maganar Hausa, da ta tashi yin hikima, tabarma ta ɗauka. Akan ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, a kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da kowa ke da shi ne ke shiga karin magana.

5.0 Yankewar Hanya da Zuwan Falo

A 1893 Rabe ya ci Borno, ya rushe Kukawa, ya koma Dikwa da zama har aka kashe shi a Kusiri a 1900. Fataucin hamada da ke bi ta Bilma bai farfaɗo daga wannan duka ba. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, a daidai lokacin da layin dogo ya iso Kano. Yerwa, da aka kafa a tsakanin waɗannan shekaru, ta tashi ne fuskarta na kallon yamma da kudu, kuma a 1964 jirgin ƙasa ya iso ta ita ma.

Sai dai wata hanya ta rage a buɗe, wato ta gabas. Maiduguri zango ce babba ga alhazan da ke tafiya ta ƙasa, su bi ta Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Da jirgin sama ya karɓi jigilar alhazai daga shekarun 1950, sai tsarabar hajji ta yawaita, kuma dardumar salla na cikin abin da kowane alhaji ke riƙowa. A nan ne darduma ta sauko daga fada ta shiga gidan kowa. A nan ne kuma ma'anarta ta ƙuntata, har ya zama idan aka ce darduma ba tare da ƙari ba, da yawa sallaya ce ke zuwa musu a rai.

Falo kuwa baƙon gini ne, kamar yadda sunansa baƙo ne. Gidan gargajiya zaure yake da shi, inda maigida ke karɓar baƙi a kan tabarma ko buzu, kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Gidajen ma'aikatan gwamnati ne suka zo da ɗakin zama mai kujeru, sa'an nan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya yaɗa shi, tare da kujerun kushin da ledar ɗaki da kafet mai mamaye daɓe daga bango zuwa bango. Abin lura shi ne, kujerun ba su ɗaga mutane daga ƙasa ba. A falon Maiduguri, kamar na Kano, sau da yawa za a ga kujeru jere a jikin bango, mutane kuwa suna zaune a ƙasa sun jingina da su, a nan ake cin abinci, a nan ake shan shayi, a nan yaro ke durƙusawa ya gai da babba. Saboda haka shimfiɗar tsakiyar falo a nan wurin zama ce ta gaske, kuma da wannan ma'auni ya kamata a zaɓe ta.

6.0 Zaɓen a Yau

Wanda ya nace sai dardumar ulu saƙar hannu, akwai alamomin da ba sa ruɗi. Ya juya bayanta. A saƙar hannu zanen yakan fito a baya sarai kamar yadda yake a gaba, ƙulle-ƙullen kuma ba sa zama daidai wa daida. Ya duba geza: a saƙar hannu ƙarshen zaren tsaye ce, daga jikin dardumar ta fito, a ta inji kuwa yawanci ɗinka ta ake yi daga baya. Launi guda yakan ɗan sauya daga wannan sashe zuwa wancan, domin ba a tukunya ɗaya aka rina zaren duka ba, kuma masana wannan sana'a ba sa ɗaukar haka a matsayin aibi. Idan aka ciri sili ɗaya aka kusanta shi da wuta, ulu yakan yi ƙaurin gashi ya murmushe, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Cewa kaya daga Turkiyya suke ba hujja ba ce, domin birnin Gaziyantef na can yana cikin manyan cibiyoyin saƙar kafet da inji a duniya. Haka nan cewa daga Makka aka sayo. Makka kasuwa ce.

Ko an dace da ta gaskiya, sai an yi shawara da yanayin gari. Ƙurar hunturu takan shige cikin gashin darduma ta zauna a gindin ƙulli, inda tsintsiya ba ta kai wa. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yakan sa zama a kan ulu ya zama aiki. Asu da gara kuma ba sa raina dukiya. Tabarmar kaba ba ta riƙe zafi, ana kakkaɓe ta, ana naɗe ta a jingine. Rauninta shi ne ba ta daɗewa kamar ulu, bakinta ne ke fara zarewa. Mai saye yakan duba matsin kitso, da ɗinkin da ya haɗa layuka, da daɓen baki; idan ya ɗaga ta ga rana haske ya ratso da yawa, saƙar ta yi sako-sako.

Abin da ya sami garin a 'yan shekarun nan ya shiga cikin wannan lissafi. Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli na 2009 ya bazu zuwa karkara, aka kama Bama da Damasak a 2014, aka kama Baga a farkon 2015, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo birni. Masu ɗinkin hula na Bama sun ci gaba da sana'arsu a sansanonin gudun hijira, domin allura da zare da ƙyalle a kasuwa ake sayensu. Mai saƙar tabarma kuwa kabarsa na daji, a wuraren da goriba ta fi yawa, musamman arewacin jihar da kwarin kogin Yobe, kuma dajin ne ya zama abin tsoro. Daɗin daɗawa, cikin kayan agajin da aka riƙa rabawa akwai tabarmar roba. Yaron da ya tashi a sansani a kanta ya yi rarrafe. Sa'an nan gobara ta cinye Kasuwar Litinin ranar 26 ga Fabrairu, 2023, kuma ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, har fadar Shehu da kasuwar. Kafet ɗin da ya kwana cikin laka ba ya komawa falo. Gidaje masu yawa sun sake sayen shimfiɗa a lokaci guda, cikin ƙuncin aljihu, kuma abin da ya fi araha a kusa shi ne na roba.

Ga mai nazarin harshe, sakamakon ya fito a wuri mai sauƙin gani. Ƙamusun Bargery na 1934 an tattara shi ne a zamanin da kalmar tabarma ba ta bukatar wani bayani, domin kowa ya san da abin da ake yin ta. Da ta roba ta shigo, ita ce aka liƙa wa siffa don a bambanta ta, aka ce tabarmar roba. A bakin matasan birni yanzu nauyin ya juya. Idan aka aiki yaro a Tsohuwar Maiduguri ya ɗauko tabarma, ta roba zai kawo, sai an ce masa ta kaba kafin ya nufi wadda Barth ya gani a kasuwar Kukawa.